Kalmar "immaculate": ma'anarta a kasuwa, ma'anarta a coci, da inda ake rikicewa

Mai karanta Turanci a kai a kai yakan ci karo da kalmar "immaculate" a wurare biyu da ba su yi kama da juna ba. Wuri na farko shi ne tallan mota ko gida ko wayar hannu, inda mai sayarwa yake rubuta cewa kayansa suna cikin "immaculate condition". Wuri na biyu kuma shi ne labaran ranar 8 ga Disamba, lokacin da kafafen watsa labarai suke ba da rahoton cewa mabiya ɗariƙar Katolika suna bikin "Immaculate Conception", har a ƙasashe irin su Italiya da Sifaniya da Fotugal da Filifin a rufe ofisoshin gwamnati saboda hutun ranar. A tallan mota kalmar ba ta cika rikitar da kowa ba, illa dai ta kan sa mai saye ya ɗauka an yi masa alkawarin da ba a yi ba. A batun addini kuwa ruɗanin yana da girma, domin jama'a da yawa, har da waɗanda Turanci ne harshensu na gado, suna ɗauka cewa ana nufin haihuwar Annabi Isa (AS) ba tare da uba ba, alhali kuwa ba wannan ake nufi ba.

## Asalin kalmar

Tushen kalmar shi ne "macula", wadda a harshen Latin take nufin tabo ko ɗigo ko ɗison da ya ɓata tufa. An liƙa mata ɗafin korewa a gaba, sai ta zama "immaculatus", wato abin da babu tabo a jikinsa. Ta shiga Turanci a ƙarni na 15, kuma ta ƙofar coci ta shiga, domin fassarar Littafi Mai Tsarki ta Latin, wadda Turai ta yi ƙarnoni tana karantawa, cike take da ita. Da ita aka buɗe Zabura mafi tsawo, wadda ita ce ta 119 a lissafin da aka fi sani, inda ake yabon masu tafarki marar aibi. Da ita kuma aka siffanta ɗan ragon hadaya a wasiƙar Bitrus ta farko. Saboda haka ma'anar da kalmar ta fara ɗauka a Turanci ta shafi hali da ruhi, sai daga baya ta sauko zuwa ga riga da ɗaki da farfajiyar gida.

Tushen bai tsaya a coci ba. Likitocin ido suna kiran ɗan wurin da yake tsakiyar bangon ido na ciki, wanda da shi ake ganin ƙananan abubuwa kamar rubutu, da suna "macula", kuma lalacewarsa tana cikin manyan dalilan raunin gani ga tsofaffi. Masana halittu suna amfani da "immaculate" a ma'anarta ta zahiri tsantsa, inda idan suka siffanta ƙwan tsuntsu ko fiffiken malam-buɗe-littafi da ita, nufinsu launinsa ɗaya ne babu ɗige-ɗige, ba ruwansu da wanki ko tsabta. Kishiyarta ma tana nan a rumbunan manoma, domin ƙwaron nan da yake huda wake a ajiya har ya mai da shi gari, sunansa na kimiyya Callosobruchus maculatus, kuma an laƙaba masa kashi na biyu na sunan ne saboda baƙaƙen tabon da ke bayansa.

## Yadda ake amfani da ita yau da kullum

A Turancin yau, mafi yawan amfanin kalmar ya shafi abin da ido yake gani. Ana siffanta ɗaki da ita idan an share shi an goge an jera komai a muhallinsa, ana siffanta sutura da ita idan ta sha wanki da guga babu ko lanƙwasa, kuma ana cewa mutum "immaculately dressed" idan ya fito tsaf daga hula har takalmi. Daga nan sai ma'anar ta faɗaɗa zuwa aikin da babu kuskure a cikinsa, kamar wasan mai tsaron gida da bai bari ko ƙwallo ɗaya ta wuce shi ba, ko tarihin ma'aikacin da ya yi shekara talatin ba a taɓa kama shi da laifi ba. A wasan besbol na Amurka akwai abin da ake kira "immaculate inning", wato mai jifa ya fitar da 'yan wasa uku da jifa tara kacal, ba tare da ko ɗaya ya tafi a banza ba. A 'yan shekarun nan kuma matasa a shafukan sada zumunta sun mai da ita kalmar yabo ta gaba ɗaya, suna jingina ta ga yanayin biki ko daɗin waƙa, inda ma'anar tabo ta ɓace baki ɗaya.

Kalmar tana da 'yan uwa da ake yawan musanya su da ita, ko da yake kowacce da inda ta fi ƙarfi. "Spotless" ita ce mafi kusa, sai dai ta fi tsayawa kan rashin datti, ba ta ɗauke da nauyin tsari da kyan gani. "Pristine" tana nuna abin da yake yadda aka ƙera shi tun farko, ba a taɓa shi ba. "Flawless" ta shafi rashin makusa a ƙira ko a aiki. "Impeccable" kuwa an fi jingina ta ga ladabi da iya magana da zaɓen kaya, kuma a nan akwai wani abin lura, domin ita ce ta fito daga kalmar Latin mai nufin aikata zunubi, amma a yau ta koma maganar ladabin cin abinci, yayin da "immaculate", wadda asalinta tabon tufa ne, ita ce take ɗauke da aƙidar da ta shafi zunubi.

## Tsabta ce ko tsarki

Hausa ta raba abin da wannan kalma ta haɗa. Tsabta aba ce ta ido da hanci, tsarki kuwa hukunci ne na addini, kuma kowane ɗalibin fiƙihu ya san cewa tufa za ta iya kasancewa fara fat amma ba a salla da ita saboda ɗigon najasa da ba a gani, kamar yadda tsohuwar riga mai ƙura za ta iya zama mai tsarki. Kalmar "immaculate" ba ta san wannan rabe-raben ba. Idan Bature ya siffanta banɗakin otal da ita, yana nufin an wanke shi fes, ba ya nufin komai game da tsarki a ma'anar shari'a. Haka nan ba ta nufin cewa an kashe ƙwayoyin cuta, domin wannan ma'aunin asibiti ne kuma kalmarsa daban take.

Wannan ne ya sa babu kalmar Hausa guda ɗaya da za ta wadatar a kowane wuri. Ga ɗaki ko tufa, "tsaf" da "fes" da "ƙal" sun isa. Ga aiki ko hali, "marar aibi" ko "ba shi da makusa" sun fi dacewa. Ga batun aƙida kuwa, inda wasu suke gaggawar cewa "ma'asumiya", akwai buƙatar a yi hattara, domin wannan kalma tana jawo wata fahimta ta daban, kamar yadda za a gani a ƙasa.

## Abin da aƙidar Katolika take cewa

A ranar 8 ga Disamba, 1854, Fafaroma Pius na Tara ya ayyana cewa wajibi ne kowane ɗan Katolika ya gaskata cewa Budurwa Maryamu, tun daga lokacin farko da aka ɗauki cikinta, an kiyaye ta daga duk wani tabo na zunubin asali, wato zunubin da cocin yake cewa 'yan Adam suna gada daga Adamu, ta hanyar wata falala ta musamman daga Allah, kuma saboda darajar Yesu Almasihu. Cikin da ake magana a kansa a nan shi ne wanda mahaifiyar Maryamu ta ɗauka, wato Maryamu ce jaririyar da ke cikin mahaifa. Cocin yana koyar da cewa tana da uwa da uba kamar kowa, waɗanda al'adar Kirista take kira Yowakim da Hannatu, sunayen da ba su zo a cikin Littafi Mai Tsarki ba, sai a wani rubutu na ƙarni na biyu. Abin da ya bambanta ta, a wannan koyarwa, shi ne ba ta gaji halin faɗuwar da 'yan Adam suke gada daga Adamu ba.

Kalandar cocin da kanta tana warware ruɗanin ga wanda ya ƙirga watanni. Daga 8 ga Disamba zuwa 8 ga Satumba, ranar da ake bikin haihuwar Maryamu, wata tara ne. Daga 25 ga Maris, ranar tunawa da busharar da mala'ika Jibrilu ya kawo mata, zuwa Kirsimeti a 25 ga Disamba, shi ma wata tara ne. Ciki biyu ne daban, da bukukuwa biyu daban, da aƙidu biyu daban. Haihuwar Yesu daga budurwa aƙida ce da Katolika da Otodoks da mafi yawan Furotesta suka haɗu a kanta, kuma Musulmi ma sun gaskata cewa an haifi Annabi Isa ba tare da uba ba. Kiyaye Maryamu daga zunubin asali kuwa koyarwar Katolika ce.

Akwai dalilan da suka sa kuskuren ya yaɗu. Bikin yana faɗowa makonni kaɗan kafin Kirsimeti, lokacin da hankalin kowa yake kan labarin haihuwar Yesu. Karatun Linjila da ake yi a coci a ranar shi ne labarin zuwan Jibrilu daga babi na farko na Luka, wanda yake magana kan ɗaukar cikin Yesu, an kuwa zaɓe shi ne saboda gaisuwar da mala'ikan ya yi mata, wadda fassarar Latin ta bayar da ma'anar "cike da alheri". Sannan 'yan jarida da masu barkwanci sun daɗe suna amfani da jimlar ga duk cikin da ba a san ubansa ba. Malaman Katolika suna ƙin wannan amfani saboda wani dalili na ƙari, wato yana nuna kamar saduwar aure ita ce tabon, abin da aƙidar ba ta faɗa ba.

## Yadda aka kai ga shekarar 1854

Ba a wayi gari da wannan aƙida haka kawai ba, domin an shafe kusan ƙarni bakwai ana jayayya a kanta a cikin cocin. Tushen matsalar shi ne koyarwar Agustin, malamin Arewacin Afirka da ya rasu a shekarar 430, cewa kowane ɗan Adam yana zuwa duniya ɗauke da gadon zunubin Adamu, kuma yana buƙatar ceto. Idan haka ne, ina matsayin uwar mai ceton? A wajajen shekarar 1140, Bernard na Clairvaux, wanda ya shahara da girmama Maryamu, ya rubuta wa limaman birnin Lyon yana sukar bikin ɗaukar cikin Maryamu da suka fara yi, yana ganin sabon abu ne marar tushe. Thomas Aquinas, wanda ya rasu a 1274, ya tafi a kan cewa an tsarkake ta tun tana ciki amma bayan an ɗauki cikinta, domin idan ba ta taɓa shiga ƙarƙashin zunubin asali ba, to kamar an cire ta daga masu buƙatar ceton Almasihu.

Amsar da ta sauya akalar muhawarar ta fito ne daga John Duns Scotus, wanda ya rasu a 1308. Hujjarsa ita ce ceto iri biyu ne, akwai fitar da wanda ya riga ya faɗa, akwai kuma hana mutum faɗawa tun farko, kuma na biyun ya fi cika. Abin da Bahaushe yake nufi ke nan da cewa rigakafi ya fi magani, kuma wanda aka yi wa rigakafi bai fita daga waɗanda likita yake bi bashin godiya ba. A cikin ƙungiyoyin malaman Katolika, 'yan Faransiskan suka rungumi wannan ra'ayi, 'yan Dominikan suka tsaya kan na Aquinas, rikicin ya yi zafi har a 1483 Fafaroma Sixtus na Huɗu ya hana kowane ɓangare kiran ɗayan ɗan bidi'a. Babban taron shugabannin cocin da aka yi a birnin Trent, a 1546, ya tabbatar da aƙidar zunubin asali, amma ya bayyana cewa ba nufinsa ba ne ya saka Maryamu a cikin hukuncin. A 1708 aka wajabta bikin ga cocin baki ɗaya, a 1849 kuma Pius na Tara ya aika wa bishop-bishop na duniya yana neman ra'ayinsu, mafi rinjayensu suka goyi baya.

Shekara huɗu bayan sanarwar, a 1858, wata yarinya 'yar shekara 14 mai suna Bernadette Soubirous, a garin Lourdes na kudancin Faransa, ta ce wata mace da take bayyana gare ta ta kira kanta da wannan laƙabi a karin harshen yankin. Wannan ya ƙara wa aƙidar farin jini a wajen talakawan Katolika, kuma Lourdes ya zama ɗaya daga cikin manyan wuraren ziyararsu. A birnin Rum akwai dogon ginshiƙi mai mutum-mutumin Maryamu a samansa kusa da dandalin Sifaniya, wanda aka ƙaddamar a 1857, kuma duk ranar 8 ga Disamba da sassafe ma'aikatan kashe gobara sukan hau doguwar tsaninsu su rataya zoben furanni a hannun mutum-mutumin, kafin Fafaroma ya zo da yamma. Daga wannan tarihi ne sunan ya bazu zuwa makarantu da asibitoci da coci-cocin mishan, ciki har da sananniyar kwalejin CIC ta Enugu (College of the Immaculate Conception), da kuma sunayen mata irin su Immaculata a Najeriya da Immaculée a Ruwanda da Concepción a ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci.

## Matsayin sauran Kiristoci da na Musulmi

Cocin Otodoks na Gabas yana kiran Maryamu mai cikakken tsarki kuma marar tabo a cikin addu'o'insa, yana kuma bikin ɗaukar cikinta a ranar 9 ga Disamba, amma bai karɓi sanarwar 1854 ba. Dalilinsa na farko shi ne fahimtarsa ta gadon Adamu ta bambanta, domin yana ganin abin da aka gada mutuwa ce da raunin ɗabi'a, ba laifin kansa ba, saboda haka babu buƙatar a keɓe Maryamu daga wani laifi. Na biyu shi ne bai yarda Fafaroma shi kaɗai yana da ikon ayyana aƙida ba. Mafi yawan Furotesta kuwa sun ƙi ta ne saboda ba su ga nassinta a Littafi Mai Tsarki ba, suna kafa hujja da wasiƙar Bulus ga Romawa inda aka ce duka sun yi zunubi, da kuma waƙar Maryamu a Luka inda ta kira Allah Mai Cetonta. Amsar Katolika ga wannan aya ta ƙarshe ita ce hujjar Scotus, cewa ita ma an cece ta, sai dai ta hanyar kiyayewa.

A Musulunci, darajar Nana Maryam tabbatacciya ce a nassi. A Suratu Ali Imrana, aya ta 36, mahaifiyarta ta nema mata tsari da zuriyarta daga Shaiɗan, a aya ta 42 kuma mala'iku sun gaya mata cewa Allah ya zaɓe ta ya tsarkake ta ya fifita ta a kan matan duniya. Bukhari da Muslim sun ruwaito hadisin da yake cewa babu jaririn da ake haifa face Shaiɗan ya shafe shi, ban da Maryam da ɗanta. Wannan kamanceceniya ta sa masanin tarihin nan na Ingila na ƙarni na 18, Edward Gibbon, ya yi iƙirarin cewa cocin Latin ya aro aƙidar ne daga Alƙur'ani, ko da yake tarihin muhawarar da aka zayyana a sama yana nuna ta tsiro ne daga matsalar da koyarwar Agustin ta haifar a cikin gida.

Bambancin yana a tushe. Musulunci bai yarda da zunubin da ake gada ba, domin Alƙur'ani ya ce Annabi Adamu ya tuba an karɓi tubarsa, kuma babu rai da zai ɗauki nauyin laifin wani, hadisi kuma ya ce kowane jariri ana haifarsa a kan fiɗira. Ke nan abin da Katolika yake ɗauka keɓantacciyar falala ga Maryamu, wato zuwa duniya babu gadon zunubi, a wajen Musulmi hali ne na kowane jariri, falalar Nana Maryam kuma tana wani wuri daban. Ita kuwa isma, wadda daga gare ta aka samo "ma'asumi", kariya ce daga aikata saɓo, wadda Ahlus Sunna suke jingina wa annabawa, 'yan Shi'a Imamiyya kuma suke ƙara Nana Faɗima da imamai goma sha biyu a kai. Wasu masu fassara littattafan Shi'a zuwa Turanci sukan yi amfani da "immaculate" ga imaman, abin da yake ƙara cakuɗa ma'anonin ga mai karatu da bai san asalin kowacce ba.

## Abin da ya shafi mai fassara da ɗalibi da mai saye

Ga ɗan jarida ko mai fassara, kuskure a nan ba ƙarami ba ne a ƙasar da Musulmi da Kirista suke sauraron tasha ɗaya. Rahoton da ya ce Katolika suna bikin ɗaukar cikin Annabi Isa a ranar 8 ga Disamba ya faɗi abin da ba haka ba ne, wanda kuma ya ce suna bikin "ma'asumancin" Maryamu ya sanya wa Katolika rigar aƙidar da ba tasu ba. Bayani mai ɗan tsawo ya fi aminci, wato bikin tunawa da ɗaukar cikin Maryamu ba tare da zunubin asali ba, kamar yadda ɗariƙar Katolika ta yi imani.

Ga ɗalibi, ana ƙarfafa gaɓa ta biyu wajen furuci, ƙarshen kalmar kuma gajere ne, ba a jan sa kamar kalmar Turanci mai nufin makara. Ana rubuta ta da harafin m guda biyu. Da yake ma'anarta ta riga ta kai matuƙa, masu gyaran rubutu ba su cika son a haɗa ta da "very" ba, sun fi karɓar "absolutely". Idan aka rubuta ta da babban harafi tare da "Conception" ko "Heart", to batun addini ake yi.

Ga mai sayen mota ko waya kuwa, kalmar ba ma'auni ba ce da wata hukuma ta gindaya. Ra'ayin mai sayarwa ne game da abin da ido yake gani, wato fenti da kujeru da gilashi, kuma motar da aka yi wa sabon fenti bayan haɗari tana iya cika wannan siffa alhali injinta yana shan mai, ko an taɓa na'urar ƙirga tafiyarta. Dokokin kare masu saye, kamar ta Birtaniya ta 2015 da ta Najeriya ta 2018 wadda ta kafa hukumar kare masu saye ta FCCPC, sun hana ɗan kasuwa siffanta kaya da abin da zai yaudari mai saye, don haka wanda ya rubuta wannan kalma a kan mota mai tsatsa da lotsewa ya buɗe wa kansa ƙofar ƙorafi. Amma tabbatar da yaudara ya fi sauƙi idan maganar takamaimiya ce, kamar a ce motar ba ta taɓa haɗari ba, ko ba a taɓa sauke injinta ba, ko ba a taɓa canza gilashin wayar ba. Irin waɗannan ne ya kamata mai saye ya nemi a rubuta masa a takardar ciniki, bayan bakanikensa ya leƙa ƙarƙashin motar ya duba lambar jikinta ya gwada ta da ta takardun kwastan.